Neman beli bayan an yanke hukunci, kafin a saurari ɗaukaka ƙara

Mutane da yawa a nan Kaduna suna ɗauka cewa da zarar lauya ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara, hukuncin kotun farko ya tsaya ke nan, sai wanda aka ɗaure ya koma gida ya jira abin da babbar kotu za ta ce. Na sha jin iyaye mata masu kai abinci gidan gyaran hali suna tambaya cikin damuwa: "Malam, ba an ce an ɗaukaka ƙara ba, to me yaron nan yake yi a ciki har yanzu?" Amsar tana da nauyin faɗa, domin ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da ɗauri, kuma fursuna zai ci gaba da cin wa'adinsa sai in ya nemi beli na musamman, kotu kuma ta ga dacewar ba shi.

Dalilin hakan yana cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 36(5) ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma a kan wannan ne belin wanda ke jiran shari'a ya ginu. Amma ranar da mai shari'a ya ce ya same shi da laifi, wannan kariya ta faɗi, nauyi kuma ya koma kansa ya nuna abin da zai sa a sake shi. Sashe na 28 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba kotun ikon ba da beli idan ta ga ya dace, sai dai alƙalai sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a bayar da shi sai da wani dalili na musamman. Dalilan da aka saba karɓa su ne rashin lafiya mai tsanani da asibitin gidan yari ba zai iya da shi ba, ko kuskure bayyananne a cikin hukuncin wanda ake kyautata zaton zai rushe shi, ko kuwa gajartar wa'adi ta yadda mutum zai cinye shi, ko mafi yawansa, kafin a saurari ƙararsa.

Wannan dalili na ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini a rai, saboda lissafi ne da kowa zai iya yi. A gidajen yarin ƙasar nan ana yafe wa fursuna mai kyakkyawan hali kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata 8 ce. Wanda aka yanke wa shekara 2 zai fito bayan wata 16. A cikin waɗannan watanni ne ake so a shigar da ƙara, rajistara ya tattara takardun shari'ar ya aika sama, lauyoyin ɓangarorin biyu su rubuta hujjojinsu, a sa ranar sauraro, sannan a sa ranar hukunci. Duk wanda ya taɓa bin shari'a ya san cewa tattara takardun kaɗai yakan ci watanni.

Shari'ar Bode George, tsohon shugaban hukumar gudanarwar tashoshin jiragen ruwa, ta nuna wannan ƙarara. Wata babbar kotu a Legas ta ɗaure shi a watan Oktoba na 2009 a ƙarar da hukumar EFCC mai yaƙi da cin hanci ta shigar, ya nemi beli kafin a saurari ɗaukaka ƙararsa bai samu ba, ya zauna a gidan yarin Kirikiri har watan Fabrairu na 2011 da wa'adinsa ya cika. Sai a watan Disamba na 2013 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin ta wanke shi, wato kusan shekara 3 bayan fitowarsa. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasarsa, a idon doka an ɗaure mutumin da bai kamata a ɗaure ba, wankewar kuma ta zama ihu bayan hari. Babu kotun da za ta iya mayar masa da wata 16, kuma da yake sashe na 35 na tsarin mulki ya halatta tsarewar da aka yi bisa hukuncin kotu, neman diyya ma ba abu ne mai sauƙi ba.

Haka Orji Uzor Kalu, tsohon gwamnan Abiya, wanda Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa shekara 12 a watan Disamba na 2019. Ya nemi beli yana kafa hujja da rashin lafiya, kotu ta ƙi. A watan Mayu na 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar, domin alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka ba shi da hurumin komawa ya ƙarasa ta, kuma a watan Yuni Kalu ya fita daga gidan yarin Kuje. Ban manta da ɗaya ɓangaren ba. Faruk Lawan, tsohon ɗan majalisar wakilai, an ɗaure shi shekara 7 a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 5 a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a watan Janairu na 2024, ya kuma fito a watan Oktoba na 2024. Da an sake shi tun farko, da jama'a sun ce ga wani babba ya sake kuɓuta, kuma tsoron da alƙalai suke yi ke nan: kada ɗaukaka ƙara ta zama ƙofar da masu hali za su riƙa bi suna jan shari'a har a manta da ita. Tsoro ne mai tushe, ban raina shi ba.

Amurka ta fuskanci wannan matsala, ta kuma rubuta amsarta a cikin doka maimakon ta bar ta ga ra'ayin kowane alƙali. Tun daga dokar beli ta 1984, fursunan tarayya da ke son a sake shi yayin ɗaukaka ƙara sai ya gamsar da kotu cewa ba zai gudu ba kuma ba zai cutar da kowa ba, cewa ƙararsa ba ta jan lokaci ba ce, kuma tana ɗauke da babbar tambaya da za ta iya rushe hukuncin, ko ta sa a sake shari'a, ko ta rage wa'adin ya gaza lokacin da ɗaukaka ƙarar za ta ɗauka. Da wannan hanya ce Bob McDonnell, tsohon gwamnan jihar Birjiniya da aka yanke wa shekara 2 a 2015, ya zauna a gida har Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncinsa a 2016. Amma idan ɗaukaka ƙara ta farko ta ƙare, fursuna ya koma ƙalubalantar hukuncin da sabon ƙorafi a ƙarƙashin sashe na 2255 na dokokin tarayyar Amurka, kotu ta ƙi, sannan ya sake ɗaukaka wannan ƙin, to a nan ƙofar ta ƙara tsukewa ƙwarai. Wata doka ta 1996 ta ba shi shekara 1 kacal ya shigar da irin wannan ƙorafi, sai kuma ya sami izini na musamman kafin ya ɗaukaka, beli kuwa ba a cika bayarwa ba sai ga wanda ƙorafinsa ke da ƙarfi sosai kuma halinsa ya fita daban. Ina ganin hikima a wannan bambanci, domin wanda alƙali ɗaya kaɗai ya duba shari'arsa ba daidai yake da wanda kotuna da yawa suka duba suka tabbatar ba.

Duk sunayen da na ambata na manya ne, masu manyan lauyoyi da 'yan jarida a bayansu. Wanda ya fi damuna shi ne saurayin da Babbar Kotun Tarayya ta Kaduna za ta yanke wa shekara 2 ko 3 a ƙarar hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda wataƙila yana da hujja mai kyau a kan yadda aka karɓi bayaninsa ko yadda aka adana kayan da aka ce an kama shi da su. Doka ta ba shi kwana 90 ya ɗaukaka ƙara, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da reshe a cikin garin nan, amma iyayensa sun riga sun sayar da abin da suke da shi a shari'ar farko. Hukumar ba da agajin lauya kyauta tana nan tun 1976, sai dai lauyoyinta ba su kai yawan masu buƙata ba, musamman da yake kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarinmu ko hukunci ba a yanke musu ba. Sau da yawa irin wannan saurayi yakan haƙura ya ƙirga watanninsa, ya fito da tabon tsohon fursuna da zai bi shi wurin neman aiki da neman aure.

Ra'ayina shi ne idan wa'adi bai wuce shekara 3 ba, laifin bai shafi zubar da jini ba, mutumin bai taɓa tsallake belinsa na farko ba, kuma lauyansa ya nuna tambaya ta gaske a cikin hukuncin, ya kamata kotu ta karkata ga ba shi beli da masu tsaya masa na ƙwarai, tare da sa ranar sauraro tun a zaman. Idan ya faɗi, ya koma ya cika abin da ya rage masa, gwamnati ba ta yi asarar komai ba. Inda kuma kotu ta ga ba za ta ba da belin ba, to ta umarci rajistara ya aika takardun cikin ƙayyadadden lokaci, ta kuma sa ƙarar a gaban layi. Ga iyalan da ke cikin wannan hali, abin da zan ce shi ne su tambayi lauyansu tun ranar hukunci ko zai haɗa buƙatar beli da ta gaggauta sauraro, su kuma adana takardun asibiti da shaidar cewa ɗansu bai taɓa fashin zuwa kotu ba, domin waɗannan ne alƙali zai nema a cikin takardar rantsuwa.