Yadda Minecraft Wiki take raba bayanin yau da na jiya

A ƙarshen shekarar 2021 ƙanena ya shafe kusan yini guda yana haƙa a cikin wasan Minecraft yana neman lu'ulu'u a mataki na 11 (lambar da ke nuna tsayi ko zurfin wuri a duniyar wasan), kamar yadda wani tsohon rubutu ya umarce shi, amma abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Rubutun daidai ne a lokacin da aka yi shi, sai dai sabuntawar 1.18, wadda ta fito ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, ta zurfafa duniyar wasan har zuwa mataki na -64, lu'ulu'u kuma ya koma yawaita can ƙasa, wajen -59. Wannan wahala tasa ce ta sa na fara mutunta ƙa'idojin rubutu na Minecraft Wiki, shafin intanet da ke tattara bayanan wasan, waɗanda a da nake ganinsu a matsayin tsananin masu gyara kawai.

'Yan sa-kai ne suke rubuta wannan wiki tun 2009, a kan manhajar MediaWiki da Wikipedia take amfani da ita, kuma a Satumban 2023 suka tashi daga Fandom, dandalin da ke masaukin shafukan wiki, suka koma adireshinsu na kansu. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce, jikin maƙala yana bayyana wasan ne yadda yake a yanzu, duk wani sauyi da ya wuce kuwa sai a kai shi sashen tarihi da ke ƙasa, inda ake jera shi a jadawali tare da lambar sabuntawar da ta kawo shi. Mai neman abin da zai yi amfani da shi yau ba sai ya tsallake labarin shekaru goma ba, mai son sanin asali kuma ya san inda zai nufa.

Ta biyu ita ce bambance bugun Java da na Bedrock, wato manyan nau'o'in wasan guda biyu, domin suna guda ne amma dokokinsu sun sha bamban a wurare da dama. Dodon nan Wither, alal misali, ƙarfin ransa 300 ne a Java, a Bedrock kuwa yakan kai 600 idan an zaɓi yanayin wasa mai wuya. Saboda haka duk jimlar da ta shafi bugu ɗaya dole a yi mata alama. Wannan ya shafe mu ƙwarai, tunda wanda yake wasa a wayar hannu Bedrock ne a hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta: sunan maƙala yana bin sunan abin a cikin wasa, kuma shafin kowane kaya yana farawa da yadda ake samunsa kafin amfaninsa. Sashen da ban aminta da shi ba shi ne na ƙananan bayanai da ke kusa da ƙarshe, domin nan ne sabon mai gyara yakan zuba duk abin da ya rasa masa mazauni, kuma sau da yawa idan na duba sai in tarar rabinsa na sashen tarihi ne.