Baba, warfarin da kwalbar Kawu

Talata, Agege.

Wash, yau kam na jigata. Tun bayan sallar asuba muka fita da Baba gwajin jininsa na wata-wata, danfo ya ɗebe mu, gosulo ya riƙe mu tun kafin mu kai Ikeja, ga zafi ga ƙarar hon, shi kuma Baba sai mita yake wai gara a ƙyale shi da wannan yawon asibiti tunda shi lafiyarsa lau.

Warfarin yake sha tunda aka gano bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, don kada jini ya daskare a ciki ya haura kwakwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Gwajin INR ɗin nan, wanda ke auna daɗewar da jini ke yi kafin ya daskare, ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Yau sai ya fito 1.6. Likita ta kalli takarda ta kalle mu ta ce, "Baba, kana tsallake maganin ne?" Ya rantse ba ya tsallakewa, ni ma na shaida don ni nake ba shi da hannuna bayan isha'i. "To akwai wani sabon abu da ka fara sha?" Ya ce babu. Sai na ce likita akwai CoQ10 ɗin da Kawu ya kawo masa daga Ingila watan jiya. Baba ya harare ni, wai ai wannan ba magani ba ne, abin ƙarfafa zuciya ne kawai, ko a shago ma a kan kanta ake ɗauka.

Nan ta ajiye biro ta yi mana bayani a tsanake, wallahi na ji daɗinta. Hanta tana amfani da bitamin K ta haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare, warfarin kuma aikinsa ya toshe wannan hanyar. Shi CoQ10 ƙirarsa ta yi kama da bitamin K, kuma an samu mutanen da suka fara shansa INR ɗinsu ya sauka, wato maganin ya rage ƙarfi. Ba kowa yake yi wa haka ba, ta ce, amma mai shan warfarin ba a masa caca da jini. Ta ce a dakatar da shi tukuna, a sake gwaji mako mai zuwa, kuma kada in kuskura in ƙara masa ƙwaya da kaina.

Abin da ya fi tsorata ni ɗaya ɓangaren ne. Kafsul ɗin tafarnuwa, na ganyen bishiyar ginkgo, man kifi idan aka yawaita, su kuma tsinka jini suke ƙarawa. Ta ce man kifi na ɗan kaɗan ba wani abin tashin hankali ba ne, amma mai yawa irin giram 4 a rana an ga yana ƙara wa wasu irin matsalar bugun zuciyar da Baba ke fama da ita. Sannan diclofenac da ibuprofen da mutanenmu ke saye a kemis kamar gyaɗa in gwiwa ta motsa, su ne ma manyan masu jawo zubar jini a ciki. In muka ga dasashi na jini, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko fitsari ja, mu taho asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

A hanyar dawowa na gaya wa Baba wai asalin warfarin maganin ɓera ne, a 1948 aka fara sayar da shi a Amurka don kashe ɓeraye, sai 1954 aka amince mutane su sha. Ya ce to Allah ya isa, ashe shekara da shekaru abincin ɓera kuke ɗura mini. Har kwandasta sai da ya yi dariya duk da ba na jin ya fahimci rabin Hausar.

Da muka iso gida Inna ta ji labarin bitamin K tana cikin ganye, nan take ta ce shikenan an daina miyar alayyahu a gidan nan. Na ce a'a Inna, likita cewa ta yi ya ci yadda ya saba, abin da ba a so shi ne yau ya cika kwano da ganye, sati guda kuma ko ɗaya, sai gwajin ya riƙa hawa da sauka.

Kawu ne dai ya ji haushi da na kira shi bayan magariba. "Yanzu ke har kin fi Turawan da suka yi shi sani?" Na ce Kawu ka yi haƙuri, kowa ya san don alheri ka kawo, kuma mai shan maganin rage kitsen jini ma wasu kan ba shi, matsalar haɗuwarsa ce da warfarin. Ya ce to shi zai karɓi abinsa ya sha tunda kuɗi ya sa. Na tambaye shi ko shi ma akwai magungunan da yake sha, ya ce sai ya duba ledarsa zai turo min hotonsu a WhatsApp. Har yanzu shiru, kuma NEPA sun ɗauke wuta, cajina saura kaɗan.