Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙato Bayan Ƙato

A makon jiya na tsaya ne a inda na ajiye aikin gwamnati, na buɗe ɗan ofishina na lauya a Daura: shago ɗaya, tebur, benci, da keken buga takardu. Jihar Katsina tana jaririya a lokacin, domin a 1987 Babangida ya cire ta daga Kaduna. Yawancin aikina rikicin gona ne da rabon gado.

Siyasa kuwa har gida ta same ni. A 1989 gwamnatin soja ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP mai doki da NRC mai mikiya, ta rubuta masu manufofi, ta kuma gina masu ofisoshi a ƙananan hukumomi. Kawuna, tsohon ɗan PRP ne na gani kashe ni, ya faɗa SDP. Wata rana bayan sallar isha'i ya aiko a kira ni.

"Lauya, an ce reshenmu yana bukatar mai ba da shawara kan shari'a. Na riga na ba da sunanka."

Na ce, "Kawu, ai da an fara tambayata."

Ya ce, "To yanzu me nake yi?"

Zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1990 shi ne na farko da na gani daga ciki. Hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta kawo tsarin da muke kira ƙato bayan ƙato. Da safe a tantance masu kati, daga nan kowa ya bi layin ɗan takararsa, a ƙirga kawuna a bainar jama'a. Babu ƙuri'ar dangwalawa, babu akwatin da za a sace. Har yau akwai masu yabon tsarin, kuma ban ce ba su da hujja ba. Amma mai yabon bai taɓa tsayawa a ƙauye ba, inda dagaci ke zaune a gindin bishiya yana kallon layi, ga surukinka a wancan ɓangaren, ga wanda ya ba ka bashin taki da damina. Na ga magidanci ya zo har bakin layinmu, ya haɗa ido da mai gonar da yake aro, ya sunkuyar da kai ya koma can.

Ga lauya, matsalar ta fi haka. Da zarar layi ya watse, hujja ta watse. Abin da ya rage kawai takardar sakamako ce. Mun shigar da ƙara kan kujerar kansila a wata mazaɓa, muna da yaƙinin layinmu ya fi tsawo. Lauyan ɗaya ɓangaren ya tambayi babban shaidanmu, wani dattijo mai sayar da goro, mutum nawa ne a layinsu.

"Ranka ya daɗe, muna da yawa ƙwarai."

"Baba, ka ƙirga?"

"Ina cikin layin, ta yaya zan ƙirga?"

Sai aka ɗago takardar, ga sa hannun wakilinmu ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin adadin da muke musantawa. Bawan Allah bai iya karatun boko ba, an miƙo masa biro ya sa hannu. Shari'a ta ƙare a nan.

Tun daga ranar na fi ba da ƙarfi wajen koyar da wakilai fiye da zuwa kotu. Nakan tara su a zauren Kawu: ku ƙirga da ƙarfi tare da malamin zaɓe, kar ku sa hannu sai wanda kuka yarda da shi ya karanta maku adadin, kar ku bar wurin ba kwafi a aljihu. Da wannan shiri muka shiga zaɓen gwamna na Disambar 1991, inda Sa'idu Barda na NRC ya kayar da ɗan takararmu, Umaru Musa 'Yar'adua. Yadda muka kwana a daren da aka faɗi sakamako, da dalilin da ya sa Kawu ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.