Abokan gaba 128, bindiga uku

Malamin da ya koya mana tarihi bai cika tsayawa kan Laftanar William Calley ba, ko da yake sunansa aka fi sani a kisan ƙauyen My Lai. Hankalinsa yana kan Manjo Janar Samuel Koster, kwamandan rundunar gaba ɗaya. Ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka shiga wannan ƙauye na Biyetnam suka karkashe mata da yara da tsofaffi. Daga baya sojan Amurka ya ce mutum 347 ne, 'yan ƙasar suka ce 504. Amma rahoton da aka fara aikawa sama cewa ya yi an kashe abokan gaba 128, an ƙwace makamai uku. Malam ya rubuta lambobin a allo, ya juyo ya ce, "To sauran 125 ɗin da me suke yaƙi? Da muciya?"

Koster bai harbi kowa ba. An kawo masa bincike na jeka-na-yi-ka, ya karɓa bai tona ba. Cikin wannan shekara ta 1968 aka ba shi shugabancin West Point, makarantar hafsoshin da ya gama a 1942. Da ɗan jarida Seymour Hersh ya fasa ƙwai a Nuwamba 1969, kwamitin binciken soja na Janar Peers ya bi sawu har kansa. Ya sauka daga kujerar a 1970, aka janye tuhumar kotu, amma a 1971 aka cire masa tauraro ɗaya, aka karɓe lambar yabonsa.

Na ci jarrabawa da labarin nan, na manta da shi. Sai da aka sa ni lura da masu rigakafin shan inna a wata mazaɓa ta ƙasar Argungu ya dawo mini. Wata yamma wata tawaga ta kawo takardarta: yara 240, kwalba bakwai. Kwalba ɗaya yara ashirin take yi, ko ba a zubar da ɗigo ba. Na ga lissafin sarai. Ana kiran magariba, na gaji, jagorar tawagar kuma a haife ta haife ni, ga ofis na jiran adadi mai kyau. Na sa hannu.

Daren nan muciyar Malam ta hana ni barci. Da asuba na hau babur na koma unguwar. Kowace ƙofa da alamar alli tsaf. Na tara yaran da ke wasa bakin rijiya na duba ƙaramin yatsan hagu, inda ake shafa tawada. Cikin goma sha ɗaya, huɗu ne da alama.

Na je gidan jagorar tawagar na gaishe ta, na nuna mata takardar. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ɗana, ai da kai muka sa hannu." Na ce haka ne, Inna, shi ya sa sunana zai fara zuwa a takardar gyara. Ta ɗauki mayafinta, ni kuma na ɗauko akwatin ƙanƙara daga bayan babur.