Abin da na koya a teburin tantance mutanen tarihi

Na ajiye aiki a kundin ilimin da muke tantance waɗanda suka cancanci shiga cikinsa, kuma waɗanda muka yi zaman tebur ɗaya da su sun san ba gajiya ce ta kore ni ba. Hukuncin da aka yanke kan mutum biyu ne ya ƙi kwanta mini.

Na farko Bature ne, ɗaya daga cikin mutanen Ingila kusan dubu 20 da suka kwarara Sabuwar Ingila, a arewa maso gabashin Amurka ta yau, tsakanin 1630 da 1640. Na bi diddiginsa: ya sauka, an yanka masa gona, ya yi aure, ya hayayyafa, ya bar wasiyya. Shi ke nan. Duk wani dogon bayani a kansa daga littattafan salsala ya fito, waɗanda zuriyarsa suka buga da kuɗinsu. Ƙa'idarmu kuwa a fili take: ba a ba mutum maƙalarsa sai masanan da ba su haɗa komai da mutum ba sun yi rubutu mai zurfi a kansa. Na ce a sa sunansa a maƙalar garinsu.

Shugaban sashenmu ya soke maganata a gaban kowa, wai zuriyar mutumin ta fitar da manya, har ya kafa mini hujja da John Howland. Ai Howland bai shiga kundi don tsohon shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya fito daga tsatsonsa ba. Ya zo cikin jirgin Mayflower a 1620 yana yaron gidan John Carver, gwamnan farko na Plymouth, matsugunin da mutanen jirgin suka kafa, ya sa hannu a yarjejeniyar jirgin, ya zama mataimaki a gwamnatin Plymouth, ya riƙe tashar cinikin fatu a kogin Kennebec. Aikinsa ne ya tsaya masa.

Ta biyu Angela ce, wadda aka kamo daga ƙasar Angola ta yau, aka sauke ta a Bajiniya, cikin Amurka ta yau, a 1619, cikin 'yan Afirka na farko da aka kai can. Ƙidayar 1625 ta ambace ta a gidan Kyaftin William Peirce a Jamestown. Masana tarihi sun yi rubutu a kanta, masu haƙar kayan tarihi sun tone filin gidan. Na rubuta mata maƙala, shugaban ya ce baiwa ce, layi biyu sun ishe ta. Wato mai gonar da ba wanda ya nazarce shi ya sami shafi guda, ita kuwa aka tura ta ƙasan maƙalar wani. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Sauran darussan ba su da yawa. Littafin dangi shaidar haihuwa da aure ne, ba ya tabbatar da shahara. Zuwa da wuri ma ba gwaninta ba ce.

Ku da kuka rage a teburin, duk hukuncin da za ku bayar ku rubuta shi tare da majiyoyinku kafin a shiga taro, ku kuma ajiye kwafi. Nawa yana hannuna, kuma ba wanda ya iya soke ko layi ɗaya a cikinsa da hujja.