Ɗakin da na ba da haya da fatar baki

Har yau idan na wuce ƙofar ɗakin nan sai raina ya sosu.

A Columbus, jihar Ohio, na sayi gida mai sashe biyu da bashin FHA, wanda gwamnatin Amurka ke tsaya wa. Kashi 3.5 cikin ɗari na kuɗin gidan na ajiye a matsayin biyan farko, da sharaɗin in tare cikin kwana 60, in kuma zauna a ciki aƙalla shekara guda. Ɗaya sashen na ba wata ma'aikaciyar jinya, muka sa hannu a takarda, ko sau ɗaya ba mu samu saɓani ba.

A nawa sashen aka samu matsala. Wani ɗan garinmu ya iso, manya suka kira daga gida suka ce in ba shi ɗaki kafin ya samu gindin zama. Muka yanke kuɗin wata da baki. Na ji nauyin miƙa masa takarda, kar a ce Amurka ta canja ni. Ya biya wata biyu, a na uku ya ce, "Yaya, a ƙara min haƙuri." Haƙurin nan sai da ya kai wata biyar.

Banki kuwa ba ya jin "a ƙara haƙuri". Kowane wata sai na biya bashi da harajin gida da inshorar da FHA ke ɗorawa, wadda ba ta sauka daga kan wanda ya ajiye ƙasa da kashi 10 muddin bashin na nan. Dole na koma aikin dare don cike giɓin.

Da na yi niyyar canja makulli, lauya ya ce kul, dokar Ohio ta hana, ko da babu takarda ɗan haya ne. Sai an ba shi sanarwar kwana uku a rubuce, sannan a tafi kotu. Ni kuma ba damar in kwashe iyalina in bar masa gidan, shekarar ba ta cika ba. Kicin ɗaya muke shiga da mutumin da na kai ƙara, matata na dafa abinci yana tsaye yana jiran murhu. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai.

Duk mai shirin irin wannan saye, ya rubuta yarjejeniya ko da ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya karɓi kuɗin ajiya, kuma ya tanadi na biyan banki na wata uku kafin ya miƙa makulli. Manyan da suka kira ni, babu wanda ya sake bugo waya da maganar ta kai kotu. Ɗakin yanzu yarana ke karatu a ciki.