Inda muka kai: hanyar sanda da aikin hannuwa a golf

'Yan'uwa masu koyo, mun gama da riƙo da tsayuwa, yanzu aiki ya zo kan hanyar da sanda ke bi daga bayan ƙwallo zuwa saman kafaɗa, da yadda take dawowa. Bayanin na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya shi.

Kan sanda da'ira yake zagawa a karkace, kuma tsawon sandar ne ke yanke yawan karkatar. Direba, wato doguwar sandar bugun nesa, na kaiwa wajen inci 45, dole ka tsaya nesa da ƙwallo, sai da'irar ta ɗan kwanta. Ayon (sanda mai siririn kan ƙarfe) mai lamba 7 kusan inci 37 ne, jikinsa na tashi daga ƙasa da kimanin digiri 62, tasa da'irar ta fi miƙewa. Saboda haka kada a tilasta wa duk sandunan jaka hanya ɗaya. A 1957 Ben Hogan, shahararren ɗan wasan golf, ya kwatanta abin da faffaɗan gilashi wanda ya taso daga ƙwallo ya kwanta a kafaɗun mai bugu. Sharaɗinsa shi ne hannuwa su hau ta ƙarƙashin gilashin ba tare da sun fasa shi ba.

Yawancin ɓarna tun a tashin farko take faruwa, can ya kamata a fi daɗewa. Ja sanda baya da ƙirji, kafaɗu da hannuwa su tafi tare, ka tsaya daidai lokacin da jikinta ya kwanta a tsayin ƙugu. Duba abu uku. Sandar ta yi layi ɗaya da inda kake nufi, tana bisa yatsun ƙafarka. Wanda ke tsaye a bayanka ya ga kan sanda ya rufe hannuwanka. Fuskarta kuma ta ɗan sunkuya, daidai da sunkuyon bayanka. Idan ka murɗa hannuwa da wuri, kan sanda zai shige bayan ƙafafunka, fuskar ta kalli sama. Daga nan babu hanyar hawa sai ka ɗaga ta da ƙarfin hannu, kuma wanda ya ɗaga haka, da kafaɗar dama yake fara saukowa. Sai sandar ta faɗo daga waje kamar gatarin mai faskare, ta yanki ƙwallo zuwa ciki. In fuskar a buɗe take, ƙwallo ta lanƙwashe dama. In fuskar ta bi hanyar sandar, ƙwallo ta tafi hagu sambal. Tabon da aka bari a ƙasa yana nuna hagu, shi ne shaida.

Matsaya ta biyu ita ce lokacin da hannun hagu ya kwanta daidai da ƙasa. A nan wuyan hannu ya riga ya karye, sanda da hannu sun yi kusurwar digiri 90 ko kusa. Gindin mariƙi ya nuna layin ƙwallo, ko ɗan ciki kaɗan. Idan ya nuna can gaban ƙwallo, lilon ya kwanta da yawa. Idan ya nuna yatsun ƙafarka, ya tsaya da yawa.

A can sama, kafaɗu sun juya kusan digiri 90, ƙugu rabin haka. Hannun hagu a miƙe amma ba a sandare ba, bayan tafinsa a shafe da damtse, domin in ya lotsa fuskar sanda buɗewa take yi. Gwiwar hannun dama ta kalli ƙasa.

Wajen saukowa ƙafar hagu ce ke fara karɓar nauyi, ƙugu ya biyo, hannuwa su zubo da kansu. Gwiwar hannun dama ta sauka a gaban ƙugu. Masu gudun saran waje sukan zarce su bar ta a baya, sanda ta maƙale, ƙwallo ta tafi dama kai tsaye ko ta murɗe hagu da ƙarfi.

Ga abin da ke gyara waɗannan kurakuran. Sa tawul a hammata biyu, ka yi rabin lilo da wej, gajeriyar sandar bugun kusa. In ya faɗi kafin hannun hagu ya kwanta, hannuwa sun rabu da ƙirji. Sannan ajiye rigar kan direba a wajen ƙwallo, tazarar tafin hannu ɗaya, ɗan baya kaɗan. Mai saran waje zai doke ta. Yi goma a hankali babu ƙwallo, sannan biyar da ƙwallo. Wayar ɗaukar bidiyo kuma a kafa ta a bayanka, tsayin hannuwa, daidai layin hannuwa, nisan taku uku zuwa huɗu. In ta kauce daga layin, lilo mai kyau ma sai ya fito a gurguje.

Za a ce ai Jim Furyk, ƙwararren ɗan wasan Amurka, sama yake ɗaga sanda ya zagayo da ita, kuma ya gama ramuka 18 da bugu 58 kacal a gasar Travelers ta ƙwararru a 2016. Gaskiya ne, amma ku kalli saukowarsa: kafin sandar ta iso ƙugu ta riga ta koma hanya. Shi tun yana yaro jikinsa ya haddace wannan gyaran. Mai koyo ya fi samun sauƙi in ya hau ta hanyar da zai sauko, don haka a ci gaba da rabin lilo har sai tabon ƙasa ya daina nuna hagu, sannan a ɗauki direba.